Akwatin da Ke Amsa Sallama

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano

Zuwa ga ƙanena Ikrama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da zafin Yola. Mu nan alhamdu lillahi.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne Malam ya rasa murya amma bai rasa kunne ba. Daga zaure yana jin faɗuwar cokali a kicin, kuma ka san sunanka ba abin da ake ambata da ƙarfi ba ne a gidan nan. Saboda haka zan riƙa rubutawa ina bai wa direban motar Yola.

An yi aikin maƙogwaron. Likitoci sun cire abin da za su cire, har da inda murya take fitowa, sun ce ba za ta dawo ba. Yana shan abu mai ruwa-ruwa, yana zama a zaure a kan buzunsa kamar da, littattafai a gefe. Rubutu ma ya gagara, don hannun dama rawa yake yi. In ya zana kalma ɗaya, sai mu wuni ni da Gwaggo Mero muna musu a kan abin da yake nufi.

Ciwon bai dame shi ba kamar yadda masu dubiya suke damunsa. Mutum zai zo ƙofa ya yi sallama, Malam ya buɗe baki, babu abin da zai fito. Malam Hadi fa, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana koya wa mutane cewa amsa sallama wajibi ne. Kai ka fi kowa sanin yadda yake da wannan batu. Tun ranar da ka dawo daga karatu ka gyara masa fatawa a gaban ɗalibansa, kunnenka bai ƙara jin amsarsa ba. Leɓe yake motsawa, ya sauke wajibi, kai kuma kada ka samu komai. Har yau ban gane wanda ya fi wani taurin kai a cikinku ba, na ma daina ƙoƙarin ganewa.

Akwai wani mutum a Sabon Gari, sunansa Nwabueze, shi ke gyara mana lasifikar makaranta. Haifaffen nan ne, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Yana haɗa wa coci-coci ƙananan akwatuna, a danna maɓalli ƙararrawa ta kaɗa, a danna wani kiɗa ya tashi. Na tambaye shi ko akwatin da ya iya kaɗa ƙararrawa zai iya cewa lafiya lau. Ya ce akwati ba ruwansa, abin da aka zuba masa shi zai fitar. Sai na kwashe kaset-kaset ɗin karatun Malam da ɗalibai suka ɗauka tun zamanin da, na cika bakko na kai masa shago.

Ban rubuto don in ce ka zo ba, ban kuma ce kada ka zo ba. Labarin mahaifinka nake ba ka, tunda na san ba za ka tambaya ba.

Ka gaida Nana Fatima da yara. Wassalam.

Yayarka,
Raudha

*

Sabon Gari, Kano

Malama Raudha,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ga akwatin nan na bai wa Alhaji Hamzat, maƙwabcina mai sayar da lasifika, tunda ta unguwarku yake bi in ya tashi. Na rubuta bayani saboda in na faɗa a waya, hayaniyar layinmu ba za ta bari ki ji rabi ba.

A ciki akwai ƙaramar kwamfuta da ba ta cika tafin hannu ba, babu allo, babu wurin rubutu. A gefenta akwai jerin ƙafafu na ƙarfe kamar haƙoran mataji. Kowane maɓalli na ja masa waya zuwa ƙafa ɗaya. In an danna, ƙafar ta gaya wa manhajar sauti, ita kuma ta saki muryar da na ajiye wa wannan ƙafa. Iyakar abin ke nan, babu wani tsafi.

Maɓallan manya ne, na cire su daga tsohon injin wasan yara, don yatsan Baba ya same su ba wahala. Kore shi ne amsa sallama, na sa shi a tsakiya. Fari lafiya lau, shuɗi madalla, ja a'a. Akwai baƙi a gefe mai cewa Allah ya yi albarka. Rawaya kuma ba ki nema ba, ni na ƙara. A kaset ɗin nan babu kalmar da Baba ya faɗa kamar "sake". Ɗalibi ya karanta layi, sake. Ya ƙara karantawa, sake. Na ga mutumin da ya faɗi kalma haka da yawa bai kamata a raba shi da ita ba.

Wajen yanka muryar, Alhaji Hamzat ya zauna da ni, domin ni Kirista ne, ba na gane inda aya ta fara da inda ta ƙare, kuma ba na so in sa almakashi inda bai dace ba. Amsar sallamar mun samo ta ne daga inda masu makara suke shigowa ana cikin karatu. Yawancinsu Baba a fusace yake amsa musu. Mun daɗe kafin mu sami wadda muryarsa take a sake.

Kin ce hannunsa yana rawa. Da farko in na kwaikwayi irin wannan dannawa, akwatin yana cewa "la-la-lafiya", domin kwamfuta tana ɗaukar kowace girgiza a matsayin sabon umarni. Na koya mata haƙuri, in ta ji na farko ta bari ya gama.

Ki jona shi a soket ki bar shi. In an ɗauke wuta zai mutu, in an kawo zai tashi da kansa ba sai an taɓa shi ba. Abin murɗawa na gefe na ƙara murya ne da ragewa.

A gaida Baba da Gwaggo. Na gode da amana.

Naki,
Nwabueze

*

Jimeta, Yola

Zuwa ga Yaya Raudha,

Wa'alaikumussalam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya bai wa Malam lafiya, ya sa abin da ya same shi ya zama kaffara, ya saka miki da alheri a kan hidimar da kike yi ke kaɗai.

Takardarki ta iso, na kuma karanta ta fiye da sau ɗaya. Maganar da kika taɓo ta abin da ya gabata ba zan buɗe ta ba. Ke kin yanke hukunci tun tuni cewa mu duka biyu ba mu da gaskiya, kuma hukuncinki ba a ɗaukaka masa ƙara.

Abin da nake so a duniya yanzu ɗaya ne, in tsaya a ƙofar zauren nan in yi sallama in ji ya amsa mini. Ban nemi ya ce na yi daidai ba, ban nemi doguwar hira ba. Amma ki duba abin da akwatin naku ya jawo. A da yana da leɓe, ni ma ina da abin da zan rarrashi kaina da shi, in ce ai ya amsa a ciki. Yanzu ko ya danna ko bai danna ba, babu na uku. Wannan ne ya sa nake tsoron zuwa, kuma na faɗa miki ne don ke ce.

Muna shirin jarrabawar ɗalibai a kwaleji. In an gama zan duba hali.

Nana Fatima tana gaishe ki. Ki gaida Gwaggo. Ki riƙa sanar da ni jikinsa.

Ƙanenki,
Ikrama

*

Rijiyar Lemo

Injiniya Nwabueze,

Barka da aiki. Ina gaisuwa, da kai da iyali da Alhaji Hamzat.

Akwati ya yi. Ranar farko Malam ya ƙi kallonsa, ya juya masa baya kamar an kawo masa baƙon da bai gayyata ba. Da limamin unguwa ya zo ya yi sallama, sai muka ji muryar Malam ta cika zaure. Gwaggo ta zauna a ƙasa ta yi kukanta ta gama. Yanzu kuwa ya ƙware. Rawayan nan da ka ƙara shi ne ya fi shan aiki. Gwaggo ta dama kunu ta kai masa, ya kurɓa ya danna sake. Ta ce in gaya maka ba ta yafe ba.

Ga matsalar da ta sa na rubuto. Ƙarfinsa yana raguwa. Wani lokaci kafin ya ɗaga hannu ya kai kan koren, mai sallama ya gaji ya juya. Ka san mutanenmu, ba a shiga zauren malami sai an amsa. Da safe ina makaranta, Gwaggo tana can ciki kuma kunnenta ya yi nauyi. Shekaranjiya wani tsohon abokinsa ya taso tun daga Gezawa, ya yi sallama, ya ji shiru, ya ɗauka barci ake yi ya koma. Malam yana jinsa. Da na dawo na tarar ya ƙi cin komai.

Na ga famfon da ke zuba da kansa in an miƙa hannu, na ga ƙofar da ke buɗewa in an doso ta. Ba za a iya sa wa akwatin irin wannan ba, ya riƙa amsawa in mutum ya zo ƙofa?

Na tambayi Malam. Ya dube ni ya danna sake. Na maimaita masa bayani a hankali, bai danna komai ba. Jan maɓalli yana nan kusa da yatsansa bai taɓa shi ba, don haka na ɗauki shirun a matsayin yarda. Ko ba yarda ba ne, ni ce nake ganin fuskarsa in baƙo ya juya.

Sai na ji daga gare ka. Na gode.

Raudha

*

Sabon Gari

Malama Raudha,

Gaisuwa da fatan alheri. Na zo da hantsi kina makaranta, Gwaggo ta ba ni izini na yi aikin. Ta kuma ba ni kunu, ban danna komai ba, na shanye.

Na liƙa ƙaramar na'ura a saman ƙofar zaure, mu a layinmu ido muke ce mata. Tana auna tazarar abin da ke gabanta. In mutum yana matsowa ta sa akwatin ya amsa, in fita yake yi ta ƙyale shi. Koren maɓalli yana nan yana aiki kamar da.

Abu ɗaya nake so ki sani. Ido ne, ba kunne ba. Ko an yi sallama ko ba a yi ba, zai amsa. Baba yana kallona har na gama, da zan tafi ya danna madalla. Ban sani ba ko aikin ya yaba ko tafiyar tawa.

Allah ya ƙara masa sauƙi.

Naki,
Nwabueze

*

Rijiyar Lemo

Ikrama,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ban da mai jiki.

Mun koma asibiti. Likita ya ce ciwon ya dawo kuma ya bazu, ya ba mu maganin rage zafi ya ce mu je gida. Ka san ma'anar wannan ba sai na fassara maka ba.

Wancan karon na ce ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Yanzu na ce ka zo. Jarrabawa akwai wanda zai tsaya maka. Tsoron da ka ce kana ji na gane shi, amma ka taho da shi, ka ji shi a nan.

Yayarka,
Raudha

*

Tashar mota, Kano

Yaya Raudha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuta wannan a tasha, zan bai wa mai adaidaita da ya kawo ni ya miƙa wa Gwaggo. Ki gafarce ni ban jira ki ba. Da gangan na zo lokacin da kike makaranta, domin in abin bai yi kyau ba, ba na so a sami shaida.

Yaya, ya amsa.

Na yi sallama, muryata ma ba ta fita sosai ba. Sai na ji wa'alaikumussalam, da muryarsa ta da, irin wadda yake amsa wa wanda yake jin daɗin gani. Na san daga kaset ne, na san akwati ne. Amma akwati ba ya danna kansa.

Na shiga na durƙusa na gaishe shi. Ya rame ƙwarai, ba ki gaya mini ya kai haka ba. Hannunsa yana kan akwatin. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya lumshe ido. Bai ƙara danna komai ba, ni ma ban matsa ba, na ga gajiya a jikinsa. Na zauna a gefensa har aka kira azahar. Na gyara masa matashi bai janye ba. Daga nan na shiga na gaida Gwaggo na fito.

Zan je in miƙa takardun ɗalibai in ɗauki hutu in dawo da iyali, ya ga jikokinsa. Tun da na bar gidan nan ban taɓa jin ƙirjina a sake kamar yau ba. Ki yi wa mutumin Sabon Garin nan godiya kafin in zo in yi masa da bakina.

Ƙanenki,
Ikrama

*

Rijiyar Lemo

Injiniya Nwabueze,

Ina gaisuwa. Na gode da zuwanku gaisuwa kai da Alhaji Hamzat. Mata sun yi yawa a ciki, shi ya sa ban fito ba.

Akwai abin da ya faru bayan tafiyarku. Tun daren da Malam ya rasu babu wuta a layinmu, kowa ya manta da akwatin, an tura shi bayan littattafai yana jone. Washegarin jana'iza, zaure cike da masu zaman makoki, aka kawo wuta. Wani mutum ya doso ƙofa zai yi ta'aziyya, bai ma buɗe baki ba, sai muryar Malam ta ce wa'alaikumussalam. An ce wasu sun miƙe, wani tsoho ya kama salati. Ƙanena Ikrama ne ya tashi ya zare wayar. Ya bi ta da ido har saman ƙofa, ya ga abin da ka liƙa.

Ba ka san shi ba, don haka zan taƙaita maka. Shi da Malam sun yi shekaru ba sa ga maciji, Malam ba ya amsa masa sallama. Kafin rasuwar ya zo daga Yola, ya yi sallama aka amsa, ya koma yana murna mahaifinsa ya yafe masa. Bai san da idon ba. Ni ban gaya masa ba tun farko don ban ga dalili ba, da na karanta takardar murnarsa kuma sai na ga dalilin yin shiru. Bai sake samun Malam da rai ba.

Ya tambaye ni ko Malam ne ya danna a ranar ko idon ne ya amsa, na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Na san zai neme ka. Roƙona shi ne ka ce masa a wancan makon idon ya lalace, ko ka cire shi ka kai gyara. Kai ka san irin kalmomin da za su shiga kunne. Malam ya tafi, babu wanda wannan zai cuta. Shi kuwa wannan yana nan yana yawo a tsakar gida ba ya cin abinci.

Ban saba roƙon irin wannan ba. Na gode.

Raudha

*

Rijiyar Lemo

Zuwa ga Injiniya Nwabueze,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Ikrama, ɗan marigayi Malam Hadi. Mun gaisa a wurin makoki amma ba mu san juna ba. Ina godiya a madadin gidanmu. Ka mayar wa mahaifinmu da muryarsa a ƙarshen rayuwarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na zo har Bata, bakin Sabon Gari, da niyyar ƙarasawa shagonka, sai na ga ba zan iya yin tambayar da baki ba, na juyo.

Tsakanina da mahaifina akwai tsohuwar matsala. Ranar da na zo duba shi na yi sallama akwatinka ya amsa, na ɗauka shi ne ya danna. Yanzu na san akwai na'urar da ke amsa wa duk wanda ya zo, ko mai tallan gyaɗa ne. Tun daga nan nake ta juya ranar a kaina. Maɓallin sa albarka yana ƙarƙashin hannunsa bai danna ba. Na gaishe shi bai danna lafiya lau ba. A lokacin na ce gajiya ce. Yanzu ina ganin mai yiwuwa na shiga ne ba da izininsa ba, na zauna masa a zaure, shi kuma ba shi da bakin da zai ce in tashi.

Tambayata ita ce, akwai yadda za a gane ko hannunsa ne ya amsa ko na'ura? An ce kwamfuta ba ta mantuwa. Ina roƙonka ka faɗa mini abin da yake, ba abin da zai yi mini daɗi ba. Na san Yayata, na san tana iya riga ni zuwa wurinka.

Na gode. Allah ya taimaka.

Ikrama Hadi

*

Sabon Gari

Malam Ikrama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku danganar rashinsa. Abin da ya faru a wurin makoki ya dame ni. Ya kamata in tuna in ce a zare akwatin ranar da na zo gaisuwa. Ku yi haƙuri.

Gaskiya ne Malama ta riga ka. Kada ka ga laifinta, ƙaunarka ce ta sa. Amma ba zan ce idon ya lalace ba, domin bai lalace ba, yana aiki a ranar.

Wannan kwamfutar tana mantuwa. Ban sa ta riƙa ajiye tarihin abin da ta yi ba, saboda yawan rubutu yana kashe memori, wato ma'ajiyarta, a inda wuta take yanke-yanke. Ban da haka ma, wayar idon da wayar koren maɓalli ƙafa ɗaya na kai su, don aiki ɗaya suke yi. Ita kanta ba ta san wanda ya taɓa ta ba. Ko ka kai ta wurin wanda ya ƙera ta, ba shi da abin da zai gaya maka.

Sai dai akwai abin da kai ka sani wanda ni da kwamfuta ba mu sani ba. Ranar da na liƙa idon, yana hango har titi, duk babur da ya wuce sai Baba ya amsa masa sallama. Sai na rage masa gani, ya tsaya a bakin ƙofa kawai, inda mutane suke cire takalmi. Wanda bai kai nan ba, idon bai san da shi ba, ko da ya wuni yana sallama. Kuma in akwatin ya amsa sau ɗaya, ko ta hannu ko ta ido, yakan yi shiru na ɗan lokaci don kada ya amsa wa mutum ɗaya sau biyu. Saboda haka jin amsa ɗaya da ka yi bai nuna komai ba. Abin da zai nuna shi ne inda ƙafarka take lokacin da ka ji ta.

In kana bakin ƙofa, ba ni da amsa, kuma babu mai ita. In kana baya, to ba na'urata ba ce.

Ba sai ka yarda da maganata ba. Ban taɓa saitin ba tun ranar. Ka jona akwatin, ka ba shi ɗan lokaci ya tashi, ka je ka tsaya daidai inda ka tsaya, ka yi abin da ka yi. Amma ka yi wa kanka adalci wajen tsayuwar, kada ka matsa baya don kana son wata amsa. In kuma ka ga gara ka bar shi haka, babu wanda zai ce ka yi laifi.

A gaida Malama da Gwaggo.

Naka,
Nwabueze

*

Rijiyar Lemo

Injiniya Nwabueze,

Bayan gaisuwa, takardarka ta same ni. Na gode da ka ƙi yi mini ƙarya.

Inda na tsaya ba abin da zan manta ba ne. Tun da ya daina amsa mini, na daina isa bakin ƙofa. A tsallaken kwata nake tsayawa, jikin turken wuta, don in an yi shiru in wuce kamar dama wucewa nake yi. Ranar ma can na tsaya, da jakata a hannu.

Yau da hantsi na jona akwatin, na jira ya tashi. Na fita na tsallaka kwata na tsaya. Na yi sallama.

Ba a amsa ba. Na maimaita da ƙarfi, ba a amsa ba.

Na yi kuka a wurin, a kan titi, masu wucewa suna kallona. Daɗi ne ya fi yawa a ciki. Na daɗe a tsaye, har Yaya ta leƙo ta ce in shigo abinci yana hucewa.

Allah ya saka maka da alheri. Wassalam.

Ikrama